Ƙuryar Coci a Ingila: Tarihin Ɗaki Guda da Rigingimunsa

GABATARWA

A shekarar 2009 wasu ma'aurata a ƙasar Ingila suka sa wata gona da suka gada a kasuwar gwanjo. Abin da ya raba su da ita shi ne kuɗin gyaran wani ɗaki da ke cikin tsohon cocin ƙauyen Aston Cantlow, cocin da ake kyautata zaton a cikinsa aka ɗaura auren mahaifan Shakespeare a wajajen 1557. Ma'auratan ba limamai ba ne, kuma ba su suka lalata ginin ba, amma kotu ta ce nauyin gyaran yana wuyansu saboda wani yanki na ƙasar da suka gada.

Tun da muka ci karo da wannan labari muke tambayar kanmu: wane irin ɗaki ne wannan da har gyaransa ke bin gona kamar bashi? A wannan maƙala za mu bi tarihinsa tun daga ƙarni na 7, domin mu nuna cewa tsawonsa da tudunsa da shingen da ke bakinsa duk amsa ce ga tambaya ɗaya da mutanen Ingila suka daɗe suna jayayya a kanta, wato wane ne ke da ikon kusantar bagade, kuma wane ne zai biya.

SUNA DA FASALI

Ƙasar Ingila a rarrabe take gunduma-gunduma ta fuskar addini, kowace gunduma da cocinta da limaminta. Cocin Ingila na da majami'u kusan 16,000, kuma da yawansu an gina su kafin shekarar 1500. Tsofaffin daga cikinsu kusan duk fasalinsu ɗaya ne. Ginin yakan miƙe daga yamma zuwa gabas. Daga yamma akwai babban zaure inda jama'a ke taruwa. Daga gabas kuwa akwai wani ɗaki da yawanci bai kai zauren faɗi ko tsayi ba, inda ake ajiye bagade, wato teburin da ake gudanar da babbar ibada a kansa. Wannan ɗaki shi Turawa ke kira "cansal". Mu a nan za mu kira shi ƙurya, domin matsayinsa ya yi kama da na ƙuryar ɗaki, wurin da ba kowane baƙo ke isa ba. Tsakanin zaure da ƙurya akwai wata babbar kafa mai lanƙwasa daga sama, irin wadda maginanmu ke kira bakan gizo.

Sunan ya samo asali ne daga kalmar Latin "kanselli", wadda ke nufin shinge mai ido-ido da ake iya hangen abin da ke bayansa. Ke nan an raɗa wa ɗakin sunan shingen da ya raba shi da jama'a. Masu sha'awar asalin kalmomi za su so su ji cewa muƙamin Cansala, wanda ake ba shugaban gwamnatin Jamus da uban jami'a, daga nan ya fito, domin asalinsa ma'aikaci ne mai tsayawa a bakin irin wannan shinge a kotunan Rumawa. Haka ma kalmar Ingilishi ta soke rubutu, saboda a da akan ja layuka masu gitta juna a kan abin da aka soke har ya yi kama da shinge.

FARKON AL'AMARI

Idan mai karatu na son ganin ƙurya a siffarta ta farko, sai ya dubi cocin Escomb da ke yankin Durham, wanda aka gina a wajajen shekarar 675, kuma har yau ana ibada a cikinsa. Zaurensa dogo ne siriri, tsawonsa ya ɗan haura ƙafa 43. Ƙuryarsa kuwa ƙafa 10 ce kowane gefe, ba ta wuce ɗakin kwanan ɗalibi ba. Masana na ganin cewa duwatsun bakan nata an kwaso su ne daga kufan wani sansanin Rumawa da ke kusa, a Binchester. A cocin Bradford-on-Avon kuma, faɗin kafar shiga ƙuryar bai kai ƙafa huɗu ba. Wannan coci ya ɓace wa mutane tsawon zamani, an mai da zaurensa makaranta, ƙuryarsa kuma gidan zama, sai a 1856 wani limami ya gano ko mene ne.

Ƙanƙantar waɗannan ɗakuna na nuna mana cewa limami ɗaya da yaronsa kawai ke aiki a ciki. Bayan Normandawa sun ci Ingila da yaƙi a 1066, sai aka riƙa ƙarasa ƙuryar da bango mai siffar rabin ƙwarya, kamar yadda ake gani a Kilpeck, wanda aka gina a wajajen 1140. Amma wannan yayi bai daɗe ba, domin maginan Ingila sun fi son bangon gabas miƙaƙƙe wanda za a iya huda wa manyan tagogi.

ƘARNI NA 13: ƘURYA TA FAƊAƊA

A shekarar 1215 Fafaroma Innocent na Uku ya tara babban taron malaman coci a fadar Lateran da ke birnin Rum. Taron ya tabbatar da aƙidar cewa gurasa da ruwan inabin da limami ya yi wa addu'a a kan bagade suna rikiɗa su zama ainihin jiki da jinin Almasihu. Wanda ya yarda da haka, dole ya ɗauki wurin da abin ke faruwa da matuƙar girma. Ga shi kuma ibadar ta ƙara tsawo, masu taya limami sun ƙaru. Saboda haka a ƙarni na 13 da farkon na 14 aka rushe ɗaruruwan ƙananan ƙuryoyi aka gina dogaye a madadinsu.

Har yau bangon waɗannan ɗakuna na ɗauke da shaidar aikin da aka yi a ciki. A bangon kudu akan ga wani ɗan gurbi mai kwano na dutse da rami a tsakiyarsa. A nan limami ke wanke hannunsa da ƙoƙon ibada, ruwan kuma ya bi ramin ya shige cikin ƙasar coci, don kada a zubar da shi inda za a taka. Kusa da shi akwai kujerun dutse, yawanci uku, na limami da mataimakansa biyu. Akwai kuma 'yar ƙaramar ƙofa da limami ke shiga ba tare da ya ratsa jama'a ba. A bangon arewa wasu majami'u na da gurbi mai siffar kabari, inda ake ajiye tsarkakakkiyar gurasa daga ranar Juma'ar tunawa da gicciye zuwa safiyar Ista. Cocin Heckington da ke yankin Lincoln ya tara duk waɗannan da sassaƙa mai ban sha'awa, kuma wanda ya gina ƙuryarsa, Richard de Potesgrave, limamin fadar Sarki Edward na Biyu ne.

WA ZAI BIYA?

A nan ne tushen shari'ar da muka fara da ita yake. Kowane manomi a gunduma yana ba da ushiri, wato kashi ɗaya cikin goma na amfanin gonarsa. Wanda ke karɓar babban ushiri, na hatsi da ciyawa da itace, shi ake kira "rekta". Zuwa ƙarni na 13 al'ada ta zauna a Ingila cewa gyaran ƙurya na wuyan rekta, gyaran zaure kuma na wuyan jama'ar gari. Masu iya magana sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Sai dai ba kullum ne rekta ke zama limamin da ke zaune a gari ba. Sau da yawa akan ba da muƙamin ga gidan 'yan zuhudu ko wata kwaleji, su riƙa kwashe babban ushiri, su ajiye na'ibi ya riƙa jan ibada a kan ƙaramin rabo. Wannan ne ya sa sau da yawa za a ga zaure da ƙurya ba su dace da juna ba, kamar wanda ya sa babbar riga a kan gajeren wando. A garin Cirencester, attajirai masu cinikin ulu sun sake gina zaurensu tsakanin wajajen 1515 da 1530, suka ɗaga shi sama ƙwarai, amma ƙuryar da ke hannun 'yan zuhudun garin ta zauna a tsohuwar siffarta. A Adderbury kuwa, inda wata kwalejin Oxford mai suna New College ke karɓar ushiri, kwalejin ta gina ƙasaitacciyar ƙurya tsakanin 1408 da 1419 a kan kuɗi kusan fam 400, kuma littafin lissafin aikin yana nan har yau, da sunan babban magininsa, Richard Winchcombe. Wato da ganin ginin kawai, mutum na iya gane wanda ya saki hannu da wanda ya matse.

SHINGE DA ABIN DA KE BISANSA

A ƙarni na 15 shingen bakin ƙurya ya zama abin alfahari a kowane ƙauye. Akan yi shi da katako, ƙasansa a rufe da zanen waliyyai, samansa kuma a buɗe. Na ƙauyen Ranworth da ke yankin Norfolk yana cikin waɗanda suka tsira da launinsu. A bisa shingen akwai ɗan bene, a bisa benen kuma babban gicciye da mutum-mutumin Maryamu da Yohanna a gefe da gefe. Can sama da su, a jikin bangon bakan gizo, akan zana ranar hisabi: matattu na fitowa daga kaburbura, wasu ana kai su aljanna, wasu ana jan su da sarƙa zuwa wuta, har da sarakuna da bishop-bishop a cikinsu. Irin wannan zane yana nan a cocin Saint Thomas na birnin Salisbury.

Kada mu ɗauka cewa jama'a sun ɗauki shingen a matsayin wulaƙanci. Yawanci su ne ma suka biya kuɗinsa, mawadata da talakawa suna barin wasiyya don a yi masa fenti. Ibadar da harshen Latin ake yin ta, limami ya juya wa mutane baya yana fuskantar gabas. Abin da talaka ke jira shi ne a kaɗa ƙararrawa, limami ya ɗaga gurasa sama, shi kuma ya hango ta ta idon shinge. Inda bango ya tare gani, sai a huda shi a karkace don a samu hange. A lokacin azumin kwana arba'in kuwa akan rataya labule a tsakiyar ƙurya a ɓoye bagaden.

GUGUWAR SAUYI

A 1534 Sarki Henry na Takwas ya ɓalle daga ikon Fafaroma. Tsakanin 1536 da 1540 ya rufe gidajen 'yan zuhudu fiye da 800, ya ƙwace dukiyarsu ya sayar. Waɗanda suka sayi haƙƙin karɓar ushiri, attajirai da masu sarauta, sun sayi nauyin gyaran ƙurya tare da shi. Daga nan aka fara samun rekta wanda bai taɓa jan ibada ba.

A zamanin ɗansa Edward na Shida, masu ra'ayin Furotesta suka samu iko. A wurinsu jibin Ubangiji cin abinci ne na tunawa, ba hadaya ba, don haka tebur ya dace da shi. A 1549 aka fitar da littafin addu'a da Ingilishi, a 1550 aka ba da umarnin a rushe bagaden dutse a kawo teburin katako. Aka sauko da gicciye aka ƙona, aka shafe zane-zane da farar ƙasa. Sarauniya Mary ta mayar da komai tsakanin 1553 da 1558, kuma jama'a ne suka sake biya. Da Elizabeth ta Ɗaya ta hau, sai ta ɗauki matsakaiciyar hanya. A 1561 ta ce a cire benen da ke bisa shinge, amma a bar shingen. A gurbin gicciye aka kafa tambarin sarauta, a bangon gabas aka rubuta Dokoki Goma. Cikin shekara goma sha biyar, mutumin ƙauye ya ga an sauya masa ƙurya sau uku.

Wani abu da ya tsira daga wannan zamani ya tsira ne ta hanyar ban mamaki. A 1892 ana gyaran cocin Wenhaston a yankin Suffolk, ma'aikata suka ciro wasu tsofaffin alluna masu farar ƙasa daga bakan gizo suka jefar a waje. Da dare aka yi ruwa. Da gari ya waye sai ga zanen ranar hisabi ya fara bayyana, bayan ya shafe shekara fiye da 300 a rufe, har da gurbin da gicciyen ya bari a tsakiyarsa.

RIGIMAR TEBUR

Tsugune ba ta ƙare ba. Dokar Elizabeth ta ce a ajiye tebur a bangon gabas, amma a jawo shi kusa da mutane ranar jibi. A wurare da yawa sai aka bar shi a tsakiya, mutane na ɗora huluna a kai, karnuka na kutsawa ƙarƙashinsa. Da William Laud ya zama babban bishop na Canterbury a 1633, sai ya matsa a mayar da tebur jikin bangon gabas, a ɗaga shi a kan matakala, a kewaye shi da makari. Masu tsattsauran ra'ayin Furotesta suka ga wannan komawa Rum ce ta bayan gida. Dattawan cocin Beckington a yankin Somerset suka ƙi bin umarnin, aka kore su daga ikilisiya, aka ɗaure su, sannan aka tilasta musu neman gafara a bainar jama'a a 1637.

Wannan rigima na cikin abubuwan da suka hura wutar yaƙin basasar da ya ɓarke a 1642. A 1643 majalisa ta ba da umarnin a cire makari a baje tudun ƙuryoyi. Wani mai suna William Dowsing ya zaga majami'u kusan 250 a yankunan Cambridge da Suffolk yana farfasa tagogi yana sa a daidaita matakala, kuma ya rubuta abin da ya yi rana-rana. Shi kansa Laud an sare masa kai a 1645. Amma bayan dawowar sarauta a 1660, tsarin nasa ne ya yi rinjaye sannu a hankali.

ZAMANIN MUMBARI DA FARFAƊOWA

Gobarar Landan ta 1666 ta cinye majami'un gunduma 87. Christopher Wren, wanda ya jagoranci sake gina 51 daga ciki, yana ganin abin da ya fi muhimmanci shi ne kowa ya ga mai wa'azi ya kuma ji shi. Don haka cocinsa na Saint James a Piccadilly, da aka buɗe a 1684, ɗaki ɗaya ne babba, ba shi da wata ƙurya ta daban. A ƙauyuka kuwa, inda a ƙarni na 18 ba a yin jibi sai sau uku ko huɗu a shekara, mumbari ya zama sarki, ƙurya ta koma wurin kaburburan manya, wani lokaci ma ajin yara. A Whitby iyalin Cholmley sun gina wa kansu wurin zama a sama, ya gitta bakan gizon, ta yadda mai duban gabas su zai fara gani.

A 1833 wasu malaman Oxford suka fara kiran a dawo da martabar tsohuwar ibada. A 1839 wasu ɗaliban Cambridge, ciki har da John Mason Neale da Benjamin Webb, suka kafa ƙungiyar Camden, kuma daga 1841 suka riƙa fitar da mujalla suna yabon ginin da ya yi musu, suna caccakar wanda bai yi ba. A wurinsu coci marar doguwar ƙurya mai matakala bai cika coci ba. Ya kamata marubutanmu su lura da wannan: 'yar mujallar ɗalibai ce ta sauya fasalin dubban gine-gine. A babban cocin Leeds da aka buɗe a 1841 aka jera mawaƙa da fararen riguna a gaban bagade, sauran wurare suka kwaikwaya. Kujerun mawaƙa masu fuskantar juna, waɗanda mutane ke ɗauka tun fil azal suke a cocin ƙauye, yawancinsu na wannan zamani ne, kuma wannan fasali ne 'yan mishan na Angilika suka zo da shi ƙasashen Afirka. Sai dai garin gyara an yi ɓarna mai yawa, an kankare bangaye an zubar da kayan tarihi, abin da ya sa William Morris ya kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine a 1877.

A ƙarni na 20 ra'ayi ya sake juyawa. Cocin Saint Paul na Bow Common a Landan, da aka gama a 1960, ya sa bagade a tsakiyar jama'a. Bayan babban taron Batikan na 1962 zuwa 1965, sai ya zama ruwan dare a kawo tebur gaban bakan gizo, limami ya fuskanci mutane, ƙurya kuma a bar ta don ƙananan taruka.

KOMAWA GA GONA

An daina biyan ushiri da hatsi tun dokar 1836, wadda ta mayar da shi kuɗi, dokar 1936 kuma ta kama hanyar kawar da shi. Amma a wurare da yawa, lokacin da aka rarraba filayen ƙauyuka, an ba rekta fili a madadin ushirinsa, kuma nauyin ƙurya ya liƙe wa wannan fili duk hannun da ya shiga. Gonar ma'auratan Aston Cantlow ta ƙunshi irin wannan fili, wanda aka yanka a 1743. A 1994 majalisar cocin ta aika musu da takardar neman gyara. Babbar kotu ta ba coci gaskiya a 2000 a kan kuɗi kimanin fam 95,000. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2001, amma a 2003 Majalisar Dattawa, wadda a lokacin ita ce kotun ƙoli, ta maido da shi. Zuwa 2007 kuɗin gyaran ya kai kusan fam 187,000 ban da haraji da kuɗin lauyoyi. Daga ranar 13 ga Oktoba 2013 doka ta tanadi cewa mai sayen fili zai kuɓuta idan ba a yi rajistar wannan nauyi a kan filin ba, amma ba a soke nauyin kansa ba, kuma masu sayen gidaje da dama na yankar inshora saboda shi.

KAMMALAWA

Mun ga yadda ɗaki mai ƙafa goma ya faɗaɗa, aka yi masa shinge, aka tuɓe shi, aka baje shi, aka yi watsi da shi, aka sake ƙawata shi, kuma kowane sauyi ya bar tabo a jikin bango. Shawararmu ga 'yan uwa masu sha'awar rubuta tarihi ita ce su koyi yi wa gini tambayoyin da muka yi wa ƙurya: wa ya biya kuɗinsa, wa ke shiga, wa ke tsayawa a waje, kuma me ya sa aka toshe waccan ƙofa? Takarda takan faɗi abin da mai iko ya umarta, amma gurbin da gicciye ya bari a allunan Wenhaston ya faɗi abin da aka aikata. Allah ya sa mu dace.